Family Man da jitarsa ta bes: wa ya riƙe gindin kiɗan Bob Marley?

Kawu Mai Kaset:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare jikana ya kunna mini waƙar Bob Marley a wayarsa, sai na ji raina ya sosu, domin rabin waƙar babu. Murya tana nan, jitar da ke sara tana nan, amma abin nan na ƙasa mai dukan ƙirji ya ɓace ɗungurungum. Na tambaye shi ko ya san mai kaɗa bes a waƙar, ya ce shi bai ma san akwai wani abu wai shi bes ba. Abin da ya sa na kawo maganar nan ke nan.

Sunan mutumin Aston Barrett, amma duniya ta fi saninsa da Family Man. An haife shi a Kingston ta ƙasar Jamaika ran 22 ga Nuwamba 1946, ya mutu a Miami ran 3 ga Fabrairu 2024, yana da shekara 77. Tun daga 1970 har zuwa wasan ƙarshe da Bob ya yi a Pittsburgh cikin Satumban 1980, shi ne a bayansa rungume da bes, ƙaninsa Carlton kuma yana kan ganguna. Kuma shi ne madugun makaɗan Wailers, ƙungiyar Bob, shi ke tsara wa kowa inda zai shiga da inda zai yi shiru.

A shekarun 1980 ina da ɗan shagon kaset. Sifikata ƙarama ce, sai na samo randa irin ta ruwan sha, na kifa sifikar a bakinta, na toshe gefe da tsumma. In na sa kaset ɗin Bob mai suna Exodus, waƙar farko da bes take tasowa, a hankali, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa. Kafin Bob ya buɗe baki, cokulan da ke cikin kofunan mai shayin kusa da ni sun fara kaɗawa. Mutane su tsaya su ce Bob Marley ya iya kiɗa, alhali hannun wani ne ya tsayar da su. Ni na daɗe a kan cewa in ka cire 'yan'uwan nan biyu, waƙoƙin za su kasance da ma'anarsu, amma ba za su zagaye duniya ba.

Ɗan Jos Mai Bes:
Sannu da ƙoƙari Kawu, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni bes nake kaɗawa a majami'armu shekara goma sha ɗaya ke nan. Kada ka ga laifin jikanka. Tsirkiyar da ta fi kauri a cikin huɗun da ke jikin bes, in ka taɓa ta, sau 41 kacal take girgiza a daƙiƙa ɗaya. Sifikar waya ba ta iya sauka can, ba a yi ta don haka ba. Randarka ta fi wayarsa gaskiya. Ka sa ya saka abin kunne mai kyau ya sake saurare, za ka ga fuskarsa ta canza.

Mai Fiyano:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Ni a situdiyo nake kwana nake tashi. Na taɓa zama na kwaikwayi bes ɗin waƙoƙin nan a fiyano, wallahi wata ba ta wuce sauti huɗu ko biyar ana ta maimaitawa. Yaron da ya yi wata uku a hannuna zai buga ta. Muryar Bob da kalamansa su ne suka sayar da faifan. Makaɗi kuwa, in wannan ya tafi wani zai zo.

Mai Walda:
Kafin a ba Mai Fiyano amsa, ku bar ni in yi alfahari da ɗan sana'armu. Mutumin nan aikin walda da gyare-gyaren ƙarfe ya fara yi kafin kiɗa ya ɗauke shi. Bes ɗinsa ta farko ma shi ya ƙera ta da hannunsa: falankin katako, tsirkiya ɗaya tak da ya yi da ƙarfen rataye labule, jakin da tsirkiyar ke hawa kuma tsohon farantin tokar taba ne. Ƙaninsa ya tara gwangwanayen fenti ya mai da su ganguna. Da na ji wannan labari, Ɗan Maraya Jos ne ya faɗo mini a rai, da kuntiginsa na gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya. Wanda ya koyi kiɗa a kan tsirkiya ɗaya ba shi da wurin ɓuya. Dole kowane sauti da zai fitar ya zama yana da dalili.

Ɗan Jos Mai Bes:
Yauwa Yaya Mai Walda, ka share mini hanya.

Ɗan'uwa Mai Fiyano, gaskiya ka faɗa cewa sautukan ba su da yawa. Amma ka ƙirga wuraren da bai taɓa tsirkiya ba? Nan aikin yake. Shi Carlton yana da salon da ake kira wan-durof: in ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ya bar ɗaya fayau ba duka, ya sauke nauyinsa a kan uku. To shi kuma Family Man sai ya riƙa kewaya wannan ramin. Wani lokaci ya cike shi, wani lokaci ya bar shi a buɗe, kai mai sauraro ka ji kamar ka taka matakala ka tarar babu, kafin ka faɗi ya tare ka. Wannan ne ke sa jiki lilo. Kuma ba gindin waƙa kawai yake bi ba, bes ɗinsa waƙa take yi da kanta, kana iya rera ta da baki kamar amshi.

Na yi wata biyu ina bin waƙa ɗaya tasa. Yatsuna sun haddace ta a kwana uku. Sauran kwanakin duk a kan abu ɗaya suka ƙare: yaushe zan ɗaga yatsa in kashe sautin. In na bar shi ya yi tsawo kaɗan, kiɗan ya yi nauyi kamar tuwon da ya kwana. In na yanke da wuri, ya zama tsalle-tsalle. A kwamfuta kana jera sautuka a kan layi, kowanne daidai da ɗan'uwansa, shi kuwa yakan ɗan jinkirta kamar mai tafiya ba ya gaggawa.

Mai Fiyano:
Na ji wannan, kuma zan koma in saurara da kunnen da ka ba ni. Sai dai kada a mai da mu masu inji kamar mun kashe kiɗa. Kasuwarmu ce ta koma haka. Mawaƙi zai zo da kuɗin da bai kai na man janareta ba, ya ce yana son waƙarsa gobe da safe. Ina zan samo kuɗin mai bes da mai ganga?

Kawu Mai Kaset:
Ɗana, ba wanda ya zarge ka. Kuma bari in ba ka abin da zai faranta maka rai: shi Family Man ɗin yana cikin na farko da suka fara wasa da injin ganga a Jamaika. Ka nemi No Woman No Cry ta cikin faifan Natty Dread na 1974, ba wadda aka ɗauka a gaban jama'a a Landan a 1975 ba, wadda kowa ya sani. Za ka ji inji ne ke ƙyasƙyas a ƙarƙashinta. Mutumin bai ƙi inji ba. Ya dai san abin da zai ba inji da abin da zai riƙe a hannunsa.

Ɗan Chelsea:
Ni ban san komai a kan bes ba, ƙwallo na sani. Amma an ce mini kiɗan da ake sakawa a Stamford Bridge kafin 'yan wasa su fito, wanda 'yan kallo ke tafi suna kiran sunan kulob, da hannun mutumin nan a ciki. Haka ne Kawu?

Kawu Mai Kaset:
Haka ne. Sunan kiɗan Liquidator, ya fito a 1969 da sunan Harry J All Stars, har ya shiga cikin goma na sama a Ingila. Family Man da Carlton ne a kan bes da ganguna, tun ba su haɗu da Bob ba. A lokacin suna wata ƙungiya mai suna Hippy Boys, daga nan suka zama makaɗan furodusa Lee Perry, wato Upsetters. A wurin Perry ɗin ne suka yi aiki da Bob da abokan waƙarsa Peter Tosh da Bunny Wailer a 1970, daga nan kuma suka bi su. Ka ga duk ranar wasanku na gida kana jin Family Man ba ka sani ba.

Ɗan Chelsea:
Ikon Allah. Shekara nawa ina tafa wa wannan kiɗa a gidan kallo!

Inna 'Yar Damagaram:
Sannunku da hira. Mu a nan Nijar ta hanyar Alpha Blondy na Kwaddibuwa da yawanmu muka shiga rege. Faifansa Jerusalem na 1986 a Kingston ya je ya yi shi, a situdiyon Tuff Gong, kuma Wailers ne suka kaɗa masa, Family Man na kan bes. Yayana yana da kaset ɗin, ya saurare shi har zaren ya tsinke, ya ɗaura da jan farce ya ci gaba. Mun ɗauka kiɗan Abijan ne, ashe hannun da ya yi wa Bob shi ne ya yi wa Alpha.

Amma Kawu, maganarka ta tuna mini wani abu na gida. Duk cikinmu nan wa zai iya kawo sunan masu kalangun Shata guda uku ba tare da ya tambaya ba? Ga shi kuwa da ka ji an taɓa kalangun ka san Shata ne tun bai ce uffan ba. Mu ma haka muke yi wa namu.

Malam Na Ƙofar Gida:
Ni dai ina mamakin dattijo kamar Kawu yana yabon mutanen da aka sani da tara gashi da shan hayaƙi. Me yaranmu za su koya a nan?

Kawu Mai Kaset:
Malam, Allah ya gafarta maka, tambayarka tana kan hanya. Ban kawo aƙidarsa ko abin da yake sha don a yi koyi ba, nasa na gare shi, namu na gare mu. Sana'ar hannunsa nake magana. Yaron talaka ne da ya ƙera kayan aikinsa daga bola, ya riƙe aiki ɗaya fiye da shekara hamsin, ya koya wa na bayansa. In jikana ya ɗauki wannan kaɗai, ya ishe ni.

Shugabar Zaure:
An yi tambaya, an ba da amsa cikin mutunci. A ci gaba da maganar kiɗa don Allah.

Mai Walda:
Ɗan Jos, to bayan ta katakon, wace iri ya riƙe? Na ga hotunansa da wata mai dogon wuya.

Ɗan Jos Mai Bes:
Fender Jazz Bass ce, ita aka fi saninsa da ita. Bari in ɗan warware. Kamfanin Leo Fender a Amurka ya fitar da Precision a 1951, ita ce ta raba makaɗa da dakon ƙatuwar bes ɗin nan ta tsaye mai kama da goge. A 1960 suka fitar da Jazz. Wuyanta ya fi siriri daga sama, kuma maganaɗisun da ke ɗaukar sauti guda biyu ne, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da jaki. Na kusa da jaki sautinsa siriri ne mai hanci, na kusa da wuya kuwa mai kauri ne.

Sai tsirkiya. Iri biyu ce: akwai mai kaushi wadda in ka shafa za ka ji gurzau-gurzau, tana da ƙara mai ƙyalli, ita masu dukan bes da babban yatsa suke so. Akwai kuma mai santsi, wadda aka naɗe da ƙarfe shimfiɗaɗɗe. Ita Family Man yake sawa. Ba ta ƙyalli, ba ta kukan yatsa, sautinta dunƙulalle ne kamar an buga turmi a cikin ɗaki. In kana son ka kusanci sautinsa, ka buɗe maganaɗisun wuya, ka rage na jaki, ka murɗe makunnin kaifin sauti ƙasa, ka kaɗa a hankali can kusa da ƙarshen wuya, ka bar amfilifaya ta yi maka ƙarfin. Masu koyo suna ɗauka da ƙarfin yatsa ake samun nauyi. Da ka ja tsirkiya da ƙarfi sai ta yi ƙara ta shaƙe.

Mu masu tsirkiya mai kaushi har dafa ta muke yi a tukunya in ta dushe, don dattin ya fita, saboda sabuwa tsada. Mai santsi kuwa tsufanta shi ne daɗinta, sai ta shekara da shekaru a jikin jita.

Amma in gargaɗe ka Yaya, in za ka saya ka buɗe ido. Na taɓa tara kuɗin wata bakwai na sayi wadda aka rubuta wa Fender a wani shago. Hunturun farko da ya busa, wuyan ya lanƙwashe kamar baka, tsirkiya ta yi sama har yatsa na shiga ƙarƙashinta. Na je in ɗaure ƙarfen da ke cikin wuyan, ashe na ado ne, juyawa kawai yake yi. Na mayar, mai shagon ya ce shi bai san ni ba. Ranar a bakin titi na zauna da ita a cinya, na daɗe ban tashi ba.

Mai Fiyano:
Allah ya mayar maka da alheri. To amma in jitar ce sirrin, ai duk mai Fender ya zama Family Man. Kuma tunda ana maganar gwanaye, ni a wurina Robbie Shakespeare ya fi shi. Shi da mai ganga Sly Dunbar sun yi wa Black Uhuru, sun yi wa Grace Jones, har Bob Dylan ya kira su a 1983. Shi Family Man ai inuwa ɗaya ya zauna.

Ɗan Jos Mai Bes:
Ban ce jitar ce sirrin ba, cewa na yi ita ya zaɓa. Robbie ma ai an san shi da Höfner, ƙaramar nan mai ramin ciki irin ta Paul McCartney, kuma nauyin sautinsa bai ragu ba. Amma ka san wa ya koya wa Robbie? Family Man ne. Yana yaro yake bin sa yana kallon yatsunsa, har ya zaunar da shi ya nuna masa. Robbie bai taɓa ɓoye wannan ba har ya mutu a Disambar 2021. Kuma ba inuwa ɗaya ya zauna ba: ya kaɗa wa Peter Tosh da Bunny Wailer bayan sun bar ƙungiyar, ya kaɗa wa Burning Spear da Augustus Pablo. Na yarda Robbie ya fi shi yawo a duniya. Amma in ka ce ya fi shi, ni ban bi ka ba.

Mai Fiyano:
Ɗalibi yana iya wuce malaminsa ai. Ina nan a kan bakana.

Inna 'Yar Damagaram:
Shi wannan suna na Family Man, don yawan iyali ne?

Kawu Mai Kaset:
Hajiya, ya sami sunan tun bai haifi ko ɗaya ba. Yana ɗaukar makaɗan a matsayin iyalinsa, shi ne mai tara su, mai sasanta su. Daga baya sunan ya bi shi, ya haifi 'ya'ya fiye da 40. Ɗaya daga cikinsu, Aston ƙarami, shi ya fito a matsayin ubansa a fim ɗin rayuwar Bob na 2024, wanda aka saki kwanaki kaɗan bayan mutuwar uban.

Kuma riƙon iyalin nan an gwada shi. Da Peter da Bunny suka tafi bayan faifan Burnin' na 1973, mutane sun ɗauka ƙungiya ta watse. Shi ya zauna da Bob suka sake gina ta. Bayan an harbi Bob a gidansa na Hope Road a Disambar 1976, suka koma Landan suka yi Exodus a 1977, faifan da mujallar Time ta zaɓa a 1999 a matsayin wanda ya fi kowanne a ƙarnin. Family Man yana tare da Bob a filin Rufaro daren da Zimbabwe ta sami 'yanci a Afrilun 1980, har aka harba hayaƙi mai sa hawaye saboda cunkoson jama'a. Bob ya mutu ran 11 ga Mayu 1981. A Afrilun 1987 aka harbe Carlton a ƙofar gidansa a Kingston. Mutum ya rasa mawaƙinsa, ya rasa ƙanin da suka fara da gwangwani, ya ci gaba da jan ƙungiyar shekara da shekaru.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙarshen lamarin. Ya kai ƙara babbar kotu a Landan yana neman fam miliyan 60 daga kamfanin faifai na Island da iyalan Bob, haƙƙinsa da na ƙaninsa. A 2006 aka kori ƙarar, aka bar shi da kuɗin shari'a wajen fam miliyan 2. Mutumin da ya gina gidan, a ce ba shi da ɗaki a ciki.

Ɗalibar Lauya:
Kawu, ina jin zafin da kake ji, amma a duba ɓangaren kotu. Alƙali da takarda yake aiki. Kwangilolin 1974 da 1975 da ya dogara da su, kotu ta ce tsakanin Bob da kamfanin aka yi su, ba da 'yan Barrett ba. Sannan a 1994 an yi sulhu, ya karɓi kuɗi, ya sa hannu cewa ba zai sake neman wani abu ba. Da wannan a gaban alƙali, da wuya ya yanke wani hukunci daban. Tushen rikicin kuma shi ne Bob ya mutu bai bar wasiyya ba. Duk alkawarin da ke tsakaninsu na baka ne da amana, ranar da mai amanar ya tafi sai aka koma ga abin da ke rubuce.

Kawu Mai Kaset:
'Yata, ban ce alƙali ya karya doka ba. Cewa na yi dokar ba ta da ma'aunin da za ta auna abin da ya zuba. Wanda ya rubuta kalmomi yana da kaso har jikokinsa, wanda ya ƙirƙiro bes ɗin da ake gane waƙar da ita tun daga daƙiƙar farko an biya shi na yini an sallame shi. Gwamnatin Jamaika ta ba shi lambar girma a 2021, na ji daɗi, amma lamba ba ta biyan kuɗin lauya.

Ɗalibar Lauya:
A nan ban ja da kai ba Kawu. Kuma Mai Fiyano, kai ma abin ya shafe ka. Kiɗan da kake yi wa mawaƙa a dare ɗaya, in waƙar ta fashe gobe, me ke hannunka a rubuce?

Mai Fiyano:
Babu komai, Anti. Ko sunana ba a sawa a wasu. Akwai wadda na yi da ake sakawa a kusan kowane biki bara, abin da na samu a kanta bai wuce kuɗin cefanen kwana biyu ba. Zan neme ki ta gefe ki nuna mini yadda ake rubuta 'yar yarjejeniya.

Ɗan Jos Mai Bes:
Na dawo da rahoto. Yau a wurin gwajin waƙa na murɗe kaifin sautin gaba ɗaya, na matsa hannuna kusa da wuya, na rage rabin abin da na saba bugawa a wata waƙar yabo da muke yi a hankali. Mai gangarmu ya tsaya a tsakiya ya waiwayo, ya ce me na canza, don yau ya ji yana da wurin ajiye ƙafarsa. Wata dattijuwa da ke share benci ta ajiye tsintsiya tana gyaɗa kai. Abin da ya rage mini tsirkiya mai santsi, na zagaya shagunan da na sani a Jos ban samu ba. In akwai mai zuwa Legas a cikinku ya yi mini magana, ta bes mai tsirkiya huɗu nake so, mai dogon wuya.

Mai Walda:
Ƙanina zai tafi ɗauko kaya ranar Laraba. Turo mini hoton kwalin.

Kawu Mai Kaset:
Randar nan tana nan a bayan ɗaki, na sa an wanke ta ɗazu. Mai Fiyano, kai ne kusa da ni. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar da sifika mai inci takwas da waya mai tsawo, jikana zai kasance a gida.